Saniyar da ta Yi Kuka a Bayan Rumbu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Takardar ga ta fito daga hannun Arzika ɗan Noma, zuwa ga ɗansa Gado, wanda anka ɗauka lakwal, makarantar Nasara, a Dogon Dutsi. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah Ya sa ta iske ka tsaye da ƙafafunka, kana gani da idanunka biyu. Ya tsare ka daga sharrin abin da ake gani da wanda ba a gani. Uwarka na gaishe ka. Kakarka na gaishe ka, har yanzu takan ajiye maka ƙanzon tuwo da safe kafin ta tuna ba ka nan.

Na san abin da za ka yi in Mamman mai jakai ya miƙa maka ita. Za ka riƙe ta nesa da jiki, ka girgiza, ka ce Baba ya naɗe ƙadangare a ciki. Ba laifinka ba ne, ni na saba maka. Babu ƙadangare. Nemi inuwa ka zauna, ka karanta da kanka. Ajaminka ya isa, kunnuwan nan naka manya ba a banza malam ya ja su ba. Inda ka cije ka koma baya. Kada ka kai wa kowa ya karanta maka.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Gero na rumbu, akuya ta haihu. Magana ɗaya ce ta sa na jiƙa tawada.

A ƙasan burgaminka, ƙarƙashin dakuwa, akwai ƙullin baƙin tsumma. Na ga lokacin da kakarka ta cusa shi. Na kuma ji abin da ta raɗa maka a bakin ƙofa: in masu lamba sun tsaga maka damtse, ka ruga bayan ɗaki, ka jiƙa tsamiyar ka goge wurin tun bai bushe ba. Ka ce mata to. Ni ina tsaye riƙe da igiyar jaki, sai ma na ja maka kunne na ce ka gaishe da Nasara, ka tafi kana dariya. Yanzu Mamman ya gaya mini duk yaron da anka kai lakwal sai an yi masa lambar agana kafin zafi ya yi ƙarfi. Fatake da sunka fito wajen Argungu kuma sun ce agana ta ɓulla can, tana bin kasuwanni ɗaya bayan ɗaya. To ga maganata tun daga farko, ko da ruwa zai taɓa sauran takardar: kada ka goge. Ka bar lambar ta kama.

Na san ba za ka ajiye maganar kakarka don tawa ba. Ita ba ta taɓa yi maka ƙarya ba, ni ko na taɓa sa ka kwana kana jiran ƙwan jaki ya ƙyanƙyashe. Kuma ta ba ka hujja. Ta ba ka labarin Illo ɗan Cifkau, maƙwabcinmu, wanda anka yi wa lamba ya kwana ya tashi yana kukan saniya, ta ce da kunnenta ta ji. Gaskiya ta faɗa, ta ji. Saurara ka ji abin da ta ji.

Shekarar da uwarka ke da cikinka, da rani, wani likita Bazabarme ya sauka garinmu da gardawan kumandan biyu, dogaran Nasara masu jar hula. Sunka ce maigari ya kawo karsana mai lafiya. Anka je rugar Sambo, Bafillacen da ke kawo muku nono, anka jawo wadda ya fi so. Sunka ɗaure ta gindin gawon kasuwa, likita ya aske mata ciki tas, ya tsattsaga fatar da aska, ya fito da wata 'yar kwalba da ya naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma ya shafa mata abin da ke ciki. Ya ce a jira. Bayan 'yan kwanaki cikin karsanar ya fito da ƙuraje jere-jere. Ruwan ƙurajen nan shi ne za a shafa wa mutane.

Duk kwanakin nan Sambo na tsugune gefenta, ya rungume sandarsa, ko fura ba ya sha. Ka san tsakaninmu Arawa da Filani akwai wasa tun kakanni, ba mai fushi. Ni kuma lokacin ƙuruciya ba ta sake ni ba, bakina ya fi ƙafata sauri. Na zo na tsaya kansa, jama'a na kewaye.

Na ce, "Sambo, sannu da jinya. Ƙanwarka ce ko gwaggo?"

Ya ce, "Ba'are, wuce ka ci geronka. Jelarta ma ta fi ka asali."

Na juya wajen mutane na ce, "Kun gane dabarar Nasara? Ya duba ya ga Arawa sun yi masa taurin kai, ya ce bari ya mai da mu Filani. Yau ruwan cikin saniya, gobe ƙaho, jibi ga mu bayan Sambo muna kiwo da baki."

Sambo ya ce, "Kai ko tulu guda anka ɗura maka ba za ka zama sa ba. Jaki dai."

Anka fashe da dariya, har gardi ɗaya ya dafa gawo. Da a nan ta tsaya, da ban rubuta maka komai ba. Amma mata na wucewa zuwa rijiya, sunka tsinci ƙaho sunka bar dariyar. Kafin la'asar na ji maganata ta dawo mini daga bakin wata tsohuwa, ta ce wani malami ne ya faɗa. Daɗi ya kama ni. Na ce ashe ta yi kyau, bari in ƙara mata gishiri.

Ranar farko maza da samari anka yi wa. Ni gardi ya fara damƙa don na cika surutu. Tsaga 'yar ƙarama, a shafa, a ce ka tsaya a inuwa ta bushe. Illo ma anka yi masa, yana yaro kamar kai yanzu. Mata da ƙananan yara sai washegari da hantsi.

Da safen nan mata na daka a tsakar gidan Cifkau, kakarka na cikinsu. Illo bai tashi ba, yana kwance ɗakin uwarsa, ɗakin kuwa na jingine da rumbu. Na zagaya ta bayan zana, na durƙusa bayan rumbun, na haɗa tafin hannu a baki, na yi kukan maraƙin da anka raba da uwa. Na iya shi ƙwarai, ka sha ji. Taɓare sunka tsaya. Na sake. Uwar Illo ta yar da taɓarya ta faɗa ɗaki tana salati, ta girgiza shi, yaro ya farka a gigice ya kasa magana, sai gurnani. Ni na sulale, na kwanta cikin karan gero ina dariya har cikina ya ƙulle.

Gado, babu saniya. Illo bai yi kuka ba. Ni ne.

Kafin rana ta take, babu gidan da ba a jiƙa tsamiya ba. Mata sunka kai yara layi don tsoron bulala, likita ya tsaga ya shafa, su kuma suna fita idonsa sai bayan ɗaki. Na shigo gida na iske Inna, kakarka, ta matse yayarka tsakanin cinyoyinta tana dirzar damtsenta da tsamiya. Yarinyar na da shekara uku ko huɗu, tana tsala ihu, tana miƙo mini hannu. Na tsaya ina cije leɓe kada dariya ta kuɓuce. A raina na ce bari abin ya nuna, gobe ko jibi in tona, gari ya yi ta dariya har damina. Tawa lambar ko, ban taɓa ta ba. Me zai sa in goge? Ni kaɗai a garin na san ƙarya ce.

Wannan shi ne kuskurena na fari, ga kuma abin da na koya. Kakarka ba wawuya ba ce. Tana yarinya sojan Nasara sunka ƙone garinsu Lugu, ta gudu daji goye da ƙanenta, ta dawo ba shi. Duk abin da ya fito hannun mutanen nan, wuta take gani. Ni na san haka, na je na yi wasa daidai wurin. Kai ma kana da bakina, na ji ka kana kwaikwayon tafiyar liman. Yi wasanka da wanda zai rama, irin Sambo. Amma in ka ga ido ya firfito, in ka ga mutum ya gaskata, tsaya nan take ka ce ni ne, wasa nake. Kada ka bari sai gobe.

Likita ya tafi ƙauyukan gaba, ya biyo ta kanmu a komowa don ya duba damatsa. Na maza da yawa sun kumbura sun yi ruwa. Nawa ya yi kamar ƙwan kurciya. Na yara kuwa fes, sai ɗan zane. Ya bi layi yana ɗaga hannuwansu, fuskarsa na sauyawa. Ya tambaya da Hausarsa mai karkata, "An sa ma yara wani abu?" Kowa ya kau da kai. Ya sake tambaya. Ina tsaye kusa da shi har ina jin warin maganin da ke rigarsa. Na kalli bulalar gardi, na kalli Inna, na sunkuyar da kai. Sai ya zauna kan turmi ya ce wataƙila rana ce ta kashe maganin, don rana ta ɗaga kafin a yi na yara. Ya ɗaura kayansa ya tafi. Da na buɗe baki a ranar, da ya sake musu. Bulala nawa za a yi mini? Da yanzu na manta zafinta.

Saboda haka in an yi maka, kwanaki sunka wuce ba ka ga kumburi ba, kada ka yi murna ka ce ka tsira. Lambar da ba ta kumbura ba, ba ta kama ba. Je ka nuna, ka ce a sake. In an tambaye ku ko wani ya goge, kuma ka sani, faɗi, ko da za a ƙi ka a ɗakin kwana.

Ba a yi nisa ba agana ta iso. Bazara ce, zafin da ke sa kaji buɗe baki. Ta fara da ɗan wani mai gishiri da ya kwana zauren maigari. Ba a kiran sunanta, sai a ce ado ya shigo gidan wane. Masassara tukuna, da ciwon baya, yaro ya yi ta kuka ba a san inda ke masa ciwo ba. Sannan ƙuraje su feso a fuska da tafin hannu, su cika da ruwa, su haɗe da juna har ka kasa gane ɗan wa ne. Warin kuwa ba zan rubuta maka shi ba. Mata sunka ajiye dakuwa da zuma a kusurwar ɗaki don lallashin 'yan zanzana, iskokin ciwon, 'yan bori sunka yi nasu, malam ya yi rubutu munka sha. Ba abin da ba mu yi ba. Tana fita wannan gida tana shiga wancan, kuma yara take ɗiba.

A cikin wannan hali idona ya fara ganin abin da ban so gani ba. Uwarka da kakarka sun yi ta tun suna yara, ka san tabon da ke hancin uwarka, su ba ta waiwaye su ba. Mu da lambarmu ta kumbura, mu ke wanka, mu ke haƙa, mu ke ɗauka, ko ciwon kai. Illo, saniyar gari, shi ke jawo wa gidajen marasa lafiya ruwa, fatarsa sumul. Rugar Sambo kuwa, ashe da labarin kukan ya kai musu cewa ya yi, "Mu da munka sha nononta tun ranar suna ba mu yi ƙaho ba." Ba su goge ba. Yaransu na kawo ƙwaryar nono bakin gari suna ajiyewa, suna komawa da gudunsu. Ina haƙa rami ina lissafa gidaje a zuci, duk ramin da na haƙa na san wace tsamiya ce.

Yayarka ta kwanta a tsakiyar abin. Ita ce 'yar fari, ka san al'ada. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya nuna ya san da shi. Ni da ba na jin kunyar kowa, wannan kunyar kaɗai na riƙe da ƙarfi, don a ce Arzika ma ya san ya kamata. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Anka shimfiɗa mata rairayi mai laushi a ɗakin Inna don tabarma na ɗaye mata fata. Idanunta sunka liƙe. Tana jin muryata a tsakar gida sai ta ce, "Baba, zo ka yi mini kukan zakara." Surukaina na zaune a ƙofar ɗakin. Na yi kamar ban ji ba. Na zagaya bayan ɗaki na yi mata ta jikin bango, sau ɗaya, muryar ta ƙi fita daidai. Ban shiga ba. Ɗauka ɗaya na yi mata a duniya, ranar da na kai ta bayan gari cikin guntun farin ƙyalle. Ba ta kai nauyin damin gero ba.

Ban ce ka zubar da al'ada ba. Amma in Allah Ya ba ka ɗa, ya kira ka yana kwance, shiga. Surukai za su yi magana su gaji.

Ban gama ba. Tana da wani zane saƙi da na sayo mata, da shi anka lulluɓe ta kwanakin ciwon. Tun zuwansa na fari likita ya faɗa a kasuwa cewa in ciwon ya zo, kayan mai shi a ƙone ko a dafa su cikin tafasasshen ruwa. Mun ji, munka ce Nasara da ƙone-ƙone. Inna ta ce zane sabo ne, a yi sadaka da shi ladar ta iske yarinya. Anka kakkaɓe, anka shanya. Ni da ƙafata na kai shi garin Ɗan Kassari, gidan wana, na yafa wa ɗiyarsa. Ciwon ya kama ta, amma ita ta rayu. Ita ce Hassi makauniya da kake ja wa sanda ran kasuwa. Ka taɓa tambayata ko da haka anka haife ta, na ce maka hankaka ne ya ari idanun bai maido ba, ka yi dariya. Idanunta sun fi naka girma, Gado.

Don haka a lakwal, in yaro ya kwanta da masassara da ciwon baya, kada ka shiga bargonsa, kada ka sa rigarsa, kada ku sha a moɗa ɗaya. Ka gaya wa malaminku tun ƙuraje ba su fito ba. Ba ƙiyayya ba ce. Ka yi masa addu'a daga ƙofa har sai taka lambar ta kama, sannan ka yi masa jinya yadda kake so.

Za ka ce me ya hana ni faɗa wa kakarka. Na faɗa. Bayan sadakar arba'in na same ta tana kaɗi, na durƙusa.

Na ce, "Inna, kukan nan na gidan Cifkau, ni na yi shi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Arzika, ko yanzu ba za ka bari ba? Ƙasar kabarin ba ta kwanta ba."

Na ce, "Wallahi Inna ni ne. A bayan rumbu na ɓuya."

Ta ce, "Da kunnena na ji. Daga cikin ɗaki ya fito."

Sai na haɗa hannu a baki na yi mata shi, nan gabanta, hawaye na zuba. Ta saki mazari, ta ja da baya har bango, tana kallon tabon damtsena. Ta ce, "Wayyo ni. Kai ma ta kama ka."

Na je dandali na faɗa wa maza. Sunka ce, "Arzika ke nan, ko a makoki sai ya samo wata." Cifkau ya ce in na sake sa sunan ɗansa cikin shirmena zai fasa mini baki. Mutum ya shekara yana ƙarya don a yi dariya, ranar da ya zo da gaskiya ba ta da wurin zama. Daga baya kuma na gane wani abu game da Inna. In ta yarda ni ne, to ta yarda hannunta ne ya goge abin da zai tsare jikarta. Ba za ta iya ɗauka ba. Sai na ƙyale ta, na koma wasana, don shi kaɗai aka sani na iya. Wannan ƙyalewar ma kuskure ce. Da masu lamba sunka sake zagayowa, an kwashe mu aikin hanya wajen Doso, ita ko ta tura ka cikin rumbu ta rufe da faifai har sunka wuce. Shi ya sa damtsenka yake fes har yau, kamar na yayarka.

A wurin aikin hanyar nan dutse ya fasa mini ƙafa, anka kai ni rumfar magani. Wa zan gani? Bazabarmen nan, ya yi furfura. Yana wanke mini ciwo na ce bari yau in yi abin da ban yi ba da fari, in tambaya.

Na ce, "Likita, don Allah me ya haɗa mutum da ƙurjin saniya?"

Ya ce ciwon da ke cikin karsanar ɗan'uwan agana ne, amma rarrauna, a jikin mutum ba ya wuce inda anka sa shi. Jiki sai ya yi kokawa da shi ya kayar, ya kuma riƙe kamanninsa. Ran da babbar ta zo, sai ta iske an san irin kamunta. Ya ce, "Ba ka ga wanda ya yi agana ya tashi ba ya sake yi?" Na ce na gani. Ya ce to wannan hanya ce ta samun tsarin nan ba tare da an biya da ido ko da rai ba.

Na ce, "To don me kuke wahalar da karsanar mutane?"

Ya ce abin mai rai ne, zafi na kashe shi. In an ɗauko daga nesa a kwalba, kafin a iso ya mutu. Shi ya sa ake shuka shi a cikin karsana kusa da gari a ɗiba sabo. Abu mai tsami ma na kashe shi tun bai shiga ba.

Na ce, "Ka taɓa ganinsa, abin da ke kawo ciwon?"

Ya ce akwai madubi a babban asibiti da ke nuna ƙananan halittu cikin ɗigon ruwan tabki, suna iyo kamar kifi, amma na agana ya fi ƙarfin madubin, shi bai san wanda ya gan shi ba. Na ce ashe iska ne, yadda tsofaffinmu ke faɗi. Ya ce in kira shi yadda na ga dama, shi dai ya san yana bin numfashi, yana bin ɓawon ƙurji, yana kwana cikin zane.

Da ya ce zane sai na kasa riƙewa. Na gaya masa duka, da rumbun, da tsamiyar. Bai zage ni ba. Ya ci gaba da naɗe ƙafar. Da ya ƙulle sai ya ce, "Duk shekarun nan ina cewa ni na bar maganin a rana." Ya kira mai ciwon da ke bayana.

Shi kaɗai ya taɓa yarda da ni.

Akwai abin da ban samu tambaya ba, kai da kake kusa da masu littattafai ka tambayo mini. Me ya sa ta fi zuwa da rani? Ina take zama in ta bar gari? Tsarin lambar na tsufa ne, ko har mutuwa? In an yi wa kowa da kowa, har Filanin daji da Buzaye, za ta rasa wurin sauka ta ƙare, ko tana da wani gida? Kada ka ji kunyar tambaya don yaran birni za su ce baƙauye. Ni na ga abin da ban gane ba, maimakon in tambaya sai na yi masa ba'a, don ba'a ta fi sauƙi kuma ana tafa mata. Ban ce duk abin da Nasara ya kawo alheri ba ne. Ƙafata na nan ta shaida, kai ma ba da son ranmu anka ɗauke ka ba. Riƙe sallarka, kada allonka ya bushe. Amma wannan abu ɗaya na gwada shi da ramukan da na haƙa da hannuna.

Ga yadda za ta kasance don kada ka firgita. Tsagar ba ta kai ƙayar aduwa zafi ba. Tsaya a inuwa har ta bushe. Bayan 'yan kwanaki wurin zai yi ja, ya yi ƙaiƙayi kamar ka cire hannun, ya tara ruwa, hammatarka ta yi ƙulli, wataƙila ka yi masassara. Yaran da sunka zo da nasu ƙullin daga gida za su ce maka ga shi nan, ƙaho na tafe. Kada ka sosa, kada ka ɓamɓare, ɓawon zai faɗi da kansa ya bar maka tabo irin nawa. Tsamiyar kuwa mai kyau ce, daga bishiyar bayan gidanmu take. Ba wa mai dafa muku abinci ta sa a kunu, ku sha da abokanka. In ka dawo kada ka yi wa kakarka gardama, kada ka raina ta. Son ka ne ya ƙulla tsumman nan. Duk ran da Mamman ya shigo kasuwar Dutsi, nemo shi ka naɗe hannun riga ka nuna masa damtsenka. Na ce masa kada ya karɓi gaisuwarka sai ya gani da idonsa. Ni zan riƙa jiransa a bakin hanya.

Yanzu saura abu ɗaya. Na san har ka kawo nan wani gefen zuciyarka na cewa, anya ba wata sabuwar Baba ba ce? Ba ni da shaidar da zan naɗe maka a takarda. Rantsuwa na sha yi a kan ƙwan jaki. Amma ka yi tunani. Na yi wasa da maigari, na yi da liman, na yi da makauniyar da ni na makantar. Tun da ka yi wayo, ka taɓa jin sunan yayarka a bakina, ko cikin wasa ko cikin fushi? Ban kira shi tana da rai ba don kunya, ban kira shi bayan ta tafi ba don ba ni da fuskar kira. Alƙalamin nan ya bushe sau da yawa a hannuna kafin in iya.

Kulu. Sunanta Kulu.

In an tsaga maka, hannunka ya kai ga burgami, ka tuna da wannan layin.

Allah Ya tsare ka a kwance da a tsaye, Ya tsare yaran da kuke kwana tare, Ya kau da ciwon nan daga hanyarku. Ya sa lambarka ta kama. Ya maido mini kai da fuskarka yadda na san ta, da kunnuwanka duka biyu. Allah Ya jiƙan Kulu, Ya sa ta yafe wa ubanta. Amin.

Daga mahaifinka, Arzika.